Orijinal, Baljiyam ko ɗan Chana: yadda zaka sayi kayan gyaran mota a Kaduna ba ka biya sau biyu ba

Duk wanda ya taɓa ajiye mota a gareji a garin nan ya san wannan tambayar. Bakanike zai fito daga ƙarƙashin mota hannu duk baƙin mai, ya ɗago maka wani ƙarfe yace Alhaji wannan fa ya tashi aiki, wanne za a ɗauko, orijinal ko Baljiyam ko ɗan Chana? Yawancinmu a nan take muke yanke hukunci da abinda ke aljihu, in wata ya yi nisa ace kawo mai araha, in albashi ya shigo ace kawo orijinal, ba wanda ke tsayawa ya tambayi kansa shi wannan ƙarfen in ya mutu ina kan hanya me zai faru. Ni na yi shekaru da Peugeot 406 kafin na koma Corolla 2005 da nake bin hanyar Zariya da ita kusan kullum, kuma abinda na koya shine wannan tambayar ta me zai faru ita ke raba gardama. Akwai kayan da in ya lalace kwalliyar mota kawai zai ɓata, akwai wanda zai ajiye ka a daji, akwai wanda zai tafi da inji gaba ɗaya, akwai kuma wanda rai ne a kansa. Kuɗinka ya bi wannan jerin.

Amma kafin nan sai ka fahimci me ake sayar maka, domin kalmar orijinal ɗin nan ta sha wahala a bakin 'yan kasuwa.

Kamfanin mota ba shi yake ƙera komai na jikin motarsa ba. Toyota bata yin fulogi da hannunta, yawanci Denso ke yi mata, shi Denso ɗin ma daga jikin Toyota aka cire shi a 1949 ya zama kamfani mai cin gashin kansa. Famfon ruwa da kuloci da giyabos na Toyota da yawa aikin Aisin ne. Ka buɗe injin Honda zaka tarar da fulogin NGK ko Denso. Shokazoba akwai KYB, boris akwai Koyo da NSK, in ka koma wajen Peugeot da Golf sai kaga Valeo da Bosch da Sachs. To waɗannan kamfanonin suna yin kaya su ba mai motar ya saka a kwalinsa da tambarinsa, wannan shine wanda ake kira orijinal na kamfani, shi ya fi kowa tsada. Sannan su da kansu suna fitar da irin kayan a nasu kwalin da nasu sunan, kuma sau da yawa ya fi sauƙin kuɗi alhali aikin hannu ɗaya ne ko kusa da haka. Wallahi da mutane sun san wannan tsakiyar da an huta da asara mai yawa, saboda a nan ne mai matsakaicin ƙarfi zai samu inganci ba tare da ya biya kuɗin tambari ba.

Bayan su sai kamfanonin da basu taɓa yiwa mai mota aiki ba, suna auna kayan ne su ƙera nasu su saka sunansu. A nan akwai nagari akwai na banza. 555 na Japan da ke yin boljoyin da tayarod, wato kayan ƙafar mota da sitiyari, ya yi suna a wajen makanikai, fitilun Depo da TYC na Taiwan suna aiki daidai gwargwado. 'Yan Chana kuwa hawa hawa ne, kada wanda ya ce maka duk kayan Chana rubabbe ne, manyan kamfanonin nan da na lissafa da yawansu suna da masana'anta a can. Masana'antar Chana abinda ka biya shi take maka. In ɗan kasuwa ya je Guanzu yace yana son fad ɗin birki mafi araha da za a iya yi, za a rage masa ƙarfe a rage masa sinadarin da ke riƙe zafi a ba shi, in yace mai kyau yake so a yi masa mai kyau. Shi ya sa zaka ji mai shago yana cewa akwai gireɗi wan akwai gireɗi tu, ba ƙarya yake ba.

Sai Baljiyam, wanda wasu ke kira tokumbo, wato kayan da aka kwance daga jikin motar da ta yi aiki a waje. Sunan ya samo asali ne daga tashar jirgin ruwan Antwerp ta ƙasar Baljiyam inda aka daɗe ana loda tsofaffin motocin Turai zuwa Kwatano da Legas, amma yanzu ko daga Amurka ko Japan ko Sharja ta Daular Larabawa kayan ya fito sunansa Baljiyam. Orijinal ne na gaske amma ya ci wani ɓangare na rayuwarsa, kuma ba wanda zai iya rantse maka nawa ya rage.

Na ƙarshe shine jabu, kuma shi ne nake jin haushinsa har cikin raina. Ɗan Chana mai sunansa bai yaudare ka ba, kowa ya sayi rariya ya san zata zubar da ruwa. Jabu kuwa kayan banza ne aka saka a kwalin babban kamfani, da tambari da sitika mai walƙiya, aka sayar maka kusa da kuɗin na gaske. Ni na taɓa sayen famfon mai a wani shago, kwali mai kyau sunan kamfani ɓaro ɓaro, kuɗin ma ba araha ba, ko wata uku bai yi ba ya mutu mana bayan mun wuce Maraban Jos ana kiran magariba, ga iyali ga yara a mota, ga yanayin hanya yadda kowa ya sani. Sai da wani bawan Allah ya tsaya ya taimaka aka janyo mu. Washegari da tsohon bakanikena ya ciro shi ya ɗora a tafin hannunsa, ya ɗauko wani tsohon na asali da ke cikin tarkacensa ya ɗora a ɗaya hannun, yace yaro riƙe ka ji. Nace Baba ai wannan ya fi nauyi nesa ba kusa ba. Yace to wayar tagullar da ke ciki kenan, ita suka rage. Tun ranar na daina ɗaukar tsada a matsayin shaidar inganci.

Yanzu me ke sa kuɗin ya bambanta haka, abu ɗaya a ce maka kaza a wannan shagon, ninki huɗu a na gaba?

Wani ɓangaren na gaskiya ne, yana cikin kayan. Ɗauki fulogi misali. Na gama gari bakinsa ƙarfen nikel ne, yana cinyewa da wuri, kilomita 20,000 zuwa 30,000 an gama da shi. Na iridiyum kuwa tsinin bakinsa ko milimita 1 bai kai ba, ƙarfe ne mai tsada da baya narkewa sai zafi ya wuce digiri 2,400, kuma na kirki yana iya kai ka kilomita 100,000. Dole kuɗinsu ya bambanta. Haka filtar baƙin mai, daga waje duk gwangwani ne mai fenti, amma a ciki akwai takardar da ke tace datti, akwai bawul ɗin da ke hana mai komawa ƙasa in ka kashe mota domin da safe inji kada ya tashi a bushe, akwai wani bawul ɗin da ke buɗewa in filtar ta toshe. Mai araha sosai takardar kaɗan ce, robar bawul ɗin kuma zafi na taɓa ta sai ta sandare. Ba zaka gani ranar da ka saka ba, sai bayan watanni ka fara jin ƙarar ƙarfe da sassafe. Sannan babban kamfani yana kashe kuɗi wajen gwaji, ya gasa kayan ya daskarar da shi ya jijjiga shi kafin ya fitar, mai kwaikwayo kuwa awo kawai ya ɗauka ya zuba.

Wani ɓangaren kuma ba ruwansa da inganci, hanya ce. Kusan duk kayan nan da dala ake sayo su. A watan Yunin 2023 da babban banki ya saki naira, dalar da ake lissafawa a hukumance kan naira 460 da 'yan kai ta haura 700 cikin 'yan makonni, zuwa farkon 2024 ta wuce 1,500, kuma kwastan ma da farashin dala suke lissafa kuɗin fito, kaga duka biyu kenan a kan kwantena ɗaya. A ƙara kuɗin tasha a Apapa ko Tin Can, da harajin VAT na kashi 7.5, da ribar babban dila a kasuwar Ladipo ko Tired Fiya da ke Legas ko a Nnewi, da dizal ɗin tirelar da zata hauro da kayan arewa, da abinda direba zai rabar a shingayen hanya, da hayar shago a Oriyafata, kasuwar kayan mota ta nan Kaduna. Kowane hannu da kayan ya bi sai ya ɗora nasa. Abinda ke ba mutane haushi kuma shine kaga kayan ya shekara a kan kanta ƙura ta rufe shi amma an ƙara masa kuɗi, to ɗan kasuwa ba da kuɗin da ya saya yake lissafi ba, da kuɗin da zai sake sayowa yake yi, in ba haka ba shagon zai ƙare a hannunsa. Ban ce babu masu wuce gona da iri ba, akwai su, musamman waɗanda in dala ta hau su hau in ta sauko su ƙi saukowa.

Yawan motar a gari ma yana taka rawa sosai. Dattawanmu suna ba da labarin lokacin da kamfanin PAN ya fara haɗa Peugeot a Kakuri a 1975, har 504 ta zama motar gwamnati motar haya motar gida, kayanta ko a ƙauye ka samu kuma kowane bakanike ya haddace ta. Yau Corolla da Camry da Golf da Sharan da Vectra ne suka cika titi, dila zai shigo da kayansu da yawa ya san zai sayar, gasa ta sa kuɗin ya sauko. Amma ka sayi motar da ku biyar ne ke da ita a duk Kaduna, mai shagon da ya ajiye kayanta shekara biyu yana jiran ka ba zai tausaya maka ba, wani lokacin ma sai an aika Legas ko Ƙofar Ruwa a Kano. Don haka mai shirin sayen mota, dan Allah kafin ka biya ka zaga kasuwa ka tambayi kuɗin shokazoba da fitila da famfon mai nata.

To yanzu ina ake kashe kuɗi, ina ake tsimi.

Duk abinda ya shafi tsayawa da juya sitiyari kada ka yi ciniki da ranka. Fad ɗin birki, man birki, boljoyin, tayarod, boris ɗin taya, tayar kanta. Kowa ya taɓa ganin mota a bakin titi taya ɗaya ta lanƙwashe ta shige ƙarƙashi kamar raƙumi ya durƙusa, yawanci boljoyin ne ya fita, in a cikin gari ne da sauƙi, in a hanyar Abuja ne kana gudun 100 sai dai addu'a. Fad mai araha kuma matsalarsa zafi, a cikin gosulo zai kama lafiya lau, amma ka taka shi da ƙarfi sau biyu sau uku a jere sai kaji ƙafarka na tafiya mota bata tsayawa, wani ma sai ya cinye maka faifan birki ka dawo kana sayen abinda ya fi shi tsada. A nan sabo zaka saya, mai suna, daga shagon da ka yarda da shi. Man birki ka duba murfin tankinsa an rubuta DOT 3 ko DOT 4, ka sayi wanda aka rubuta, a rufe da hatiminsa, domin man birki yana shan danshi in an bar shi a buɗe. Taya kuwa ka duba gefenta wajen da aka rubuta DOT, lambobi huɗu na ƙarshe sune sati da shekarar da aka yi ta, 2322 na nufin sati na 23 a 2022, kuma 'yan Road Safety shekara huɗu suke lissafa wa taya. Tayar Baljiyam mai zane raɗau da ta shekara takwas, ga zafin kwaltar watan Maris da Afrilu, ni dai ba zan ɗora iyalina a kai ba.

Na biyu sune ƙananan abubuwan da ke riƙe da babban abu. Filtar mai, baƙin mai, famfon ruwa, tamostat, gasket ɗin top silinda, taimin bel. Masu 406 da 307 da 206 ku ji wannan da kyau, injinku bel ne, ranar da ya tsinke mota na tafiya fistin zai daki bawul, aikin da zaka yi da kuɗin bel ɗaya ya koma sauke top silinda. Ka nemi Gates ko wani mai suna irinsa, kuma tunda an riga an buɗe wajen ka canza famfon ruwa da tenshona mai ɗaure bel ɗin a lokaci ɗaya saboda bel ɗin ne ke juya famfon. Corolla irin tawa sarƙa ce da ita ba bel ba, amma ita ma sarƙar baƙin mai mai kyau take so. Sannan dan Allah a daina yarda bakanike ya cire tamostat ya jefar wai ƙasarmu da zafi, in ya lalace a sa sabo mai kyau, inji yana da zafin da aka tsara masa yayi aiki a kai, in ya kasa kaiwa sai ya riƙa shan mai yana tara datti.

Akwai wata ƙa'ida da Baba tsohon bakanikena ya koya min da ta fi komai sauƙin riƙewa, yace ka duba kuɗin aiki kafin kuɗin kaya. In abu ne da sai an sauke giyabos kafin a kai gare shi kamar kuloci ko sil ɗin bayan inji, ko sai an sauke tanki, ko sai an kwance dashbod gaba ɗaya kamar kayan AC na ciki, to ka saka mafi kyawun da zaka iya, domin in ya mutu kuɗin aikin zaka sake biya, ga kwana biyu ba mota, ga kusoshin da ake lalatawa duk buɗewa. A ce misali mai araha dubu 15 ne mai kyau dubu 40, aiki dubu 20. Ka sa mai araha sau biyu ka kashe dubu 70, mai kyau sau ɗaya dubu 60. Lissafin kenan, kuma ban saka kuɗin janwe da na Keke da zaka yi ta hawa ba.

Kayan wuta irin su sensa da kwayil da nozul da bireni bos wato kwamfutar mota, a nan Baljiyam na asali sau da yawa ya fi sabon mara suna, saboda kwamfutar mota tana jiran wani takamaiman saƙo ne daga sensa, in na kwaikwayo ya aika mata da wanda ya kauce kaɗan sai wutar cek injin ta ƙi mutuwa mota ta riƙa shan mai kana ta zagin fetur. Kuma kafin ka sayi kowace sensa a saka wa motar kwamfuta a karanta, a kuma duba waya da soket, sau nawa ana canza sensa lafiyayya alhali ɓera ne ya ci waya. Inji da giyabos da kik da altaneta da ƙofa da but suma Baljiyam ne hanyar yawancinmu. Amma roba bata Baljiyam, bel, bushin, hos, sil, duk abinda shekaru ke busarwa ka saye shi sabo.

Inda zaka yi tsimi hankali kwance kuwa, bamba, madubin gefe, giril, marfin taya, hannun ƙofa, laida ta ƙarƙashin mudgad, waifa, fitilar baya. Ɗan Taiwan ko ɗan Chana mai kyau ya wadatar, in fanalbita ya iya aiki ba mai ganewa. Fitilar gaba ce kawai zan ce a ɗan kula, mai araha sosai gilashinta na yin rawaya da wuri kuma hasken na watsewa, mai tafiyar dare ya san abinda nake nufi. Filtar iska ma matsakaiciya ta isa in dai ta zauna daidai ba gibi a gefe, gara ka riƙa canza ta akai akai musamman lokacin hunturu da ƙura ke cika gari, da ka sa mai tsada ka barta shekara biyu.

Ranar shiga kasuwa kuma, kada ka tafi da sunan mota kawai. Camry 2008 ta Amurka da wadda aka yi wa wata ƙasa ba lallai kayansu ya zama ɗaya ba. Ka ɗauki hoton lambar shasi, tana ƙasan gilashin gaba ɓangaren direba ko jikin ƙofa, haruffa da lambobi 17 ne. Farkon lambar yana gaya maka inda aka ƙera motar, J Japan ce, 1 ko 4 ko 5 Amurka, 2 Kanada, W Jamus, VF Faransa. A motocin Amurka na goman shine shekara, 5 na nufin 2005, A na nufin 2010, kaga ko dillali ya ƙara wa motar shekara a nan zaka kama shi. Sannan ka nemi lambar kayan kanta, ta Toyota guda goma ce an raba biyar biyar, fad ɗin birkin gaba yana farawa da 04465, fulogi 90919, filtar baƙin mai ta gwangwani 90915. Ka saka lambar a Google kaga hoton na gaske da wace mota yake shiga. Hajiyoyi masu mota wannan ya fi muku amfani ma, domin da mai shago yaji kin karanto lamba ya san ba a makance kika zo ba, maganar ma sai ta canza.

Ka tafi da tsohon kayan a leda. Ka ajiye su gefe da gefe, ka ƙirga ramukan kusoshi, ka duba bakin soket, ka ɗaga ka ji nauyi. Na gaske rubutun jikinsa a zane yake cikin ƙarfe ko roba, tsaf, na jabu sau da yawa fenti ne da farce ke kankarewa, gefen ƙarfen da kaushi, zaren kusoshi ba santsi. Kwali ka karanta shi a hankali, kuskuren harafi ko launin da ya koɗe ko sitikar da aka manna a karkace duk alama ce, amma kada ka dogara da kwali kaɗai don masu jabu sun ƙware, har kwalin gaske da aka zubar a gareji ana tsincewa a sake cikawa. Shi ya sa in an saka maka sabon kaya mai suna ka yaga kwalin kafin ka bar wajen. In kana sayen fulogi huɗu ka fito da su duka ka jera, su zama iri ɗaya sak, tsinin iridiyum siriri ne kamar bakin allura, in kaga mai kauri an ce maka iridiyum ne ajiye musu kayansu.

Ka tambayi shago uku kafin ka ciro kuɗi, kuma ka yi tambayar kai tsaye, Oga nawa ne na kamfani, nawa ne Denso, nawa ne ɗan Chana mai kyau. Mai gaskiya zai fito maka da su ukun ya faɗa maka bambancinsu. Wanda yace komai na shagonsa orijinal ne, ko ya ba ka na kamfani a rabin kuɗin da sauran suka faɗa, ka yi masa godiya ka wuce, banza bata kai zomo kasuwa.

In Baljiyam zaka saya a Fanteka ko wani wajen, babban abin tsoro shine na gida da aka wanke da fetur aka fesa wa fenti. Ka leƙa lungunan da buroshi baya kaiwa, in kaga jar ƙasar nan tamu to a nan ya yi aiki. Ka duba kan kusoshi ko sifana ta cinye su, ka duba ko an shafa gam a mahaɗar inji, alamar an taɓa buɗe shi kenan. Inji ka buɗe murfin mai ka haska da fitilar waya, in ciki ya yi baƙin kitse kamar kwalta ka barshi. Kuma kada ka biya sai kun yi magana a kan kwanakin gwaji, kwana nawa, in bai yi ba canji ne ko mayar da kuɗi, a rubuta a rasit da lambar wayar shago, mai shagon ya saka alamarsa da fenti a jikin kayan kai ma ka ɗauki hoto, domin gobe kada ace ba nasu bane. Sannan kayan wuta da yawa basa karɓar dawowa, don haka inda hali ka kawo motar bakin shagon tare da rewaya mai gyaran wutar mota a gwada a gabansu.

Maganar bakanike kuma, ba zan zage su ba don akwai masu amana da yawa a Kurmin Mashi da sauran garejojin garin nan, mutanen da ke kwana ƙarƙashin mota don abincin iyalinsu. Amma kowa ya san akwai kamasho, wani shagon yana ware wa bakanike nasa a duk kayan da ya kawo ciniki, kuma a nan ne ake karɓar kuɗin orijinal a saka gireɗi tu. Hanyar da na ga ta fi zaman lafiya ita ce ka biya shi kuɗin aikinsa da kyau ba tare da ka matse shi ba, har kuɗin mashin na zuwa kasuwa ka ba shi, sannan ku tafi tare ko ka saya da kanka bisa shawararsa. In ka matse shi a kuɗin aiki to a kuɗin kaya zai fanshe. In ba zaka samu zuwa ba yayi maka bidiyo kol daga shagon ka ga kayan ka ji kuɗin daga bakin mai shago ka tura masa kai tsaye. Ka ce a ajiye maka tsohon da aka cire da kwalin sabon. Kuma in ya ce maka Alhaji wannan kada ka sa mai araha, ka saurare shi, shi ya san wanda ke dawo masa bayan sati biyu.

Wani lokacin kuma ba laifin kayan bane. Famfon mai a cikin tanki yake, fetur ɗin ne ke sanyaya shi, tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 da yawanmu a jan layi muke yawo, lita biyar lita uku, to ko na kamfani ka saka a haka zai gaji da wuri, ka yi ƙoƙari kada ya riƙa sauka ƙasa da kwata. Shokazoba bibbiyu ake canzawa, hagu da dama. In an taɓa tayarod ko boljoyin a wuce wajen alaimen ranar, in ba haka ba sabuwar tayarka zata cinye ta gefe ɗaya. Lagireto kuma kulan ake zubawa, wato ruwan sanyaya inji na musamman, ruwan rijiya tsatsa yake haifarwa ya cinye famfon ruwan da ka saya da tsada.

In kuɗin mai kyau bai samu ba yau kuma dole motar ta fita, ba laifi ka sa matsakaici a abinda ba birki ko sitiyari ba, amma ka san cewa aro ka ci, ka fara tara na canji. In kuwa birki ne ko boljoyin, ajiye motar ka hau Keke na sati ɗaya har kuɗin su cika. Ni ina da ƙaramin littafi a aljihun dashbod, duk abinda aka canza ina rubuta kwanan wata da kilomita da sunan kayan da shagon da kuɗin, bayan shekara biyu da na duba sai na ga shaguna biyu ne kacal kayansu basu taɓa dawo da ni ba, yanzu ko bakanike zai aika yaro kasuwa sai nace masa ga inda za a je.